Rigar roba ga ƙwan fitila: littafin aikina daga Nuwamba zuwa Yuli

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Kawu ne ya sa na buɗe wannan littafi. Cewa ya yi duk sisin da zan kashe a kan wannan "rigima" tawa in rubuta, kada ranar lissafi a tsaya musu. To, kuɗi suna can shafukan baya. Nan gaba abin da idona ya gani zan riƙa sawa.

Shekara uku ke nan muna harhaɗa ƙwan fitila na LED a bayan shagonmu da ke Sabon Gari. Kayan a warwatse suke iso mana daga Caina, daga Guzhen ta lardin Guangdong, garin da kusan ba a san shi da wata sana'a ba sai ta fitilu: gangar jiki daban, farantin haske daban, murfi daban, gindi daban. Yara huɗu ke haɗawa, a zura kowanne a ɗan kwalinsa, a cika katan da guda ɗari. Haka kowa yake yi a layinmu. Amma damunar bana, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Maraɗi, wani Alhaji na can da ya daɗe yana sari a wurinmu ya dawo mana da katan biyu sun sha ruwa a hanya. Ƙananan kwalayen sun zama fate-fate. Tun ranar nake tunanin a yi wa ƙwan riga ta roba mai haske, irin wadda ake gani jikin kayan waje, ana hango kaya a ciki, ruwa ba ya taɓa shi, kuma a rataye shi a shago.

Kawu ya ce: "Ɗana, ƙwan da ake sayarwa da arha kake son yi wa babbar riga?" Na ce a dai ba ni wata shida.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na zazzage katan biyun nan a tabarma na tantance su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun farko. Cikin ɗari biyu babu ko ɗaya da ya fashe. Goma sha ɗaya murfinsu ya ɓalle, tara kuma ƴan kunnuwan nan biyu na gindi sun lanƙwashe ko ɗaya ya fita, talatin da wani abu sun yi dauɗa da ƙarzuwa. Sauran lafiyarsu lau, kwalin ne kawai ya kashe musu kasuwa.

Ashe da tsohon ƙwai nake tunani a kaina. Na da, mai zare a ciki, gilashi ne ɗungurungum, shi ya sa ake sa shi a kwali mai gargada, kuma ko ka yi masa haka, girgiza kaɗai tana iya tsinka zaren. Wanda ya biyo bayansa, mai kama da murɗaɗɗen hanji, ya fi shi haɗari, domin akwai ƴar zaiba a cikinsa, in ya fashe a ɗaki sai an buɗe taga. Na yanzu kuwa murfinsa roba ne mai tauri, jikinsa alminiyam ne da aka lulluɓe da roba. Ba fashewa ce cutarsa ba. Abin da yake tsoro shi ne danni, da laima, da ƙura, da abin da zai bugi gindinsa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Kusan mako uku ina yawo tsakanin Sharaɗa, Bompai da Ƙofar Wambai ina neman fallen roba mai haske wanda ake gasawa a ba shi siffa. Iri biyu ake samu. Akwai PVC, mai lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, akwai kuma PET, mai lamba 1, wanda shi ne robar gorar ruwa da lemo. A ido ba ka raba su, kuma wasu masu sayarwar su ma ba su sani ba, "fim" kawai suke ce wa duka biyun.

Wani tsohon ma'aikacin masana'antar roba ya nuna mini dabara. Ka samo wayar jan ƙarfe, ka gasa bakinta a wutar gas, ka dangwali robar, ka mayar cikin wutar. In harshen wutar ya koma kore, PVC ce, sinadarin kulorin da ke cikinta ne ya tona mata asiri. In bai canza ba, to ba ita ba ce. Na gwada a gabansa, haka kuwa aka yi.

PVC ta fi sauƙin sarrafawa, ta fi sauƙin liƙewa. Amma na san inda wannan riga za ta ƙare: a bola, a kuma cinna mata wuta da yamma a bakin lungu. Hayaƙin PVC mai yaji ne, yana cin maƙogwaro da ƙirji. Na zaɓi PET mai kaurin milimita 0.35. Na yi lissafi a bayan rasit: faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya na wannan kauri nauyinsa wajen giram 470 ne, wato kilo ɗaya zai ba ni mita biyu da ɗan ɗoriya. In kowace riga ta ci santimita 12 da 18, kilo zai fitar da kusan 98 a takarda. A zahiri, da yanke-yanken gefe, in na samu 75 na gode Allah.

Lahadi, 22 ga Disamba

Injin gaske ya fi ƙarfin aljihuna, don haka muka ƙera namu. Mai walda ya yi mana teburi da firam biyu masu kama fallen roba. Sama akwai akwati da muka jera wayoyin hita a ciki. Ƙasa falanki ne mai ƙananan huji da yawa, an haɗa shi da tsohon tankin iska na babbar mota, shi kuma kwamfiresan tsohon firji ne ke zuƙe masa iska. Aikin ke nan gaba ɗaya: a gasa roba ta yi laushi, a sauke ta kan mol, wato samfurin siffar da ake so ta ɗauka, a buɗe bawul, tankin ya zuƙe iskar da ke tsakani, robar ta manne ta ɗauki siffa.

Mol ɗin farko Malam kafinta na bayan layinmu ne ya sassaƙa da maɗaci. Na kai masa ƙwai ɗaya na ce faɗinsa milimita 60 ne, ya ƙara mini biyu. Ya dube ni ya ce, "Alhaji ƙarami, yau kuma ƙwai za mu sassaƙa?"

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Makonni uku na asara. Bari in rubuta su dalla-dalla don kada in maimaita.

Na farko, fari. In robar ta daɗe ƙarƙashin hita sai ta rikiɗe ta yi fari kamar madara, ta yi tauri, kana lanƙwasa ta ta tsage. Halin PET ke nan in zafi ya yi mata yawa. In kuma ka yi gaggawar sauke ta, ba ta kwanciya, sai siffar ta fito dagaje-dagaje. Tsakanin biyun daƙiƙoƙi ne ƙalilan. Ba mu da ma'aunin zafi a lokacin, da ido muke yi: za ka ga fallen ya fara yamutsewa, sannan ya miƙe sumul, sannan cikinsa ya ɗan sauko. Wannan saukowar ita ce alamar. Ƙaramin yaronmu, wanda bai fi shekara sha bakwai ba, ya fi mu duka iya kama lokacin, shi na bar wa wurin.

Na biyu, robar takan kama mol ta ƙi saki, sai an sa wuƙa. Laifina ne, na sa an yi gefen a miƙe sak. Dole gefen ya ɗan zube, sama ta fi ƙasa tsukewa, kamar digiri uku zuwa biyar, yadda bokiti yake fita daga cikin ɗan'uwansa. Na uku, a lungun wuyan ƙwan robar ba ta shiga, iska na maƙalewa a wurin. Muka huda mol ɗin da siririn bakin dirila, ƙasa da milimita ɗaya, a duk inda yake da kwari. Hujin in ya yi girma tabonsa yakan fito a jikin robar kamar ƙuraje.

Na huɗu shi ne babba, kuma ba gyaran mol ne maganinsa ba. Tsarin da na fara da shi, ƙwan yana kwance a kan kati ne, robar ta rufe shi daga gaba. Ke nan falle ɗaya ne zai miƙe har zurfin milimita 62. Saman da ya fara taɓa mol yakan huce da kaurinsa, gefen kuma ya ci gaba da jawuwa har ya koma kamar ledar ƙullin gishiri. Ka danna da yatsa ya lotsa. Wace kariya ke nan?

Kawu ya leƙo ya ga tulin ɓatattu a kwando, bai ce komai ba, ya dai ɗaga ɗaya ya duba ta hasken ƙofa ya ajiye. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Laraba, 29 ga Janairu

Hunturu. Iska ta bushe ƙarau, robar tana fitowa daga inji sai ta riƙa jan ƙura da gashi kamar mayen ƙarfe, har tartsatsi take yi a yatsa. Mun rufe taga da buhu, muna yayyafa ruwa a ƙasa safe da rana, muna goge fallen da ɗanyen tsumma kafin gashi. Ya rage, bai daina ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sabon tsari: ɓari biyu masu haɗe da juna ta gefe ɗaya, a rufe su kamar ƙwarya da murfinta, kowane ɓari zurfinsa milimita 31 kacal. Roba ta fi ci, kusan ninki biyu, amma kaurin ya zauna. Kati yana shiga tsakani, sama akwai hujin ratayewa. Muka liƙe gefen da zafi zagaye, yadda na gani a kayan waje.

Na yi gwaji da guda ashirin. Na sako su daga kan kanta zuwa siminti, sau uku-uku. Na jera su a katan na ɗora buhun siminti a kai kwana ɗaya. Na tsoma biyar a bokiti. Ba murfin da ya ɓalle, ba kunnen da ya lanƙwashe, ba wanda ruwa ya shiga. Daren nan na yi barci da daɗi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Kwana goma da rataye guda hamsin a gaban shago. An sayi shida. Na kwali kuwa a kwanakin nan an ɗauki fiye da katan.

Da farko na ɗauka ɗan ƙarin kuɗin ne. Jiya na zauna a bakin kanta da kaina. Wata Hajiya ta zo, ta nuna na robar ta ce ya yi mata kyau, a ba ta uku. Yaro ya miƙa mata. Ta ce, "To gwada mini." Ya ce ai a rufe yake. Ta juyo ta dube ni: "Ɗan nan, ni za a yi wa cinikin biri a sama? In na je gida bai kama ba fa, daga Rijiyar Lemo zan sake biyan kuɗin mota?" Na ce a kawo almakashi. Kafin a yanka na farko gefen robar ya tsaga wa yaron yatsa, katin ya yage, rigar da na shafe wata uku a kanta ta faɗi ƙasa ta zama shara a gaban idona, tun kuɗi bai shiga hannu ba. Ta ce a bar sauran biyun, a ba ta na kwali.

Na daɗe zaune ina jin kunyar kaina. A shagon nan na tashi. Allon gwajin nan mai soket biyu, na mai kunne da na mai murɗawa, tun ina firamare yake manne a jikin kanta, har batir Kawu ya haɗa masa saboda ranar da babu wuta. Ban taɓa ganin an sayi ƙwai ko ɗaya ba a kunna shi ba. Amma da na tashi zane, sai na kwafo abin da aka yi domin wata kasuwa daban. A Amurka da Ingila kaya a fili suke cikin manyan kantuna, mutum shi ke ɗauka da hannunsa, don haka ake liƙe ƙaramin kaya cikin babbar roba mai wuyar buɗewa saboda masu ɗan hali. Can kuma in ka je gida bai yi ba, rasit ɗinka ya ishe ka a canza maka. Su kansu sun gaji da ita, har Amazon ya fito da tsarin kunshi mai sauƙin buɗewa a 2008. Mu nan kaya yana bayan kanta, ɓarawo bai kai gare shi ba, garantin mai saye kuma shi ne hasken da ya gani da idonsa kafin ya zaro kuɗi.

Da na ba Kawu labari ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka." Na ce, "Kawu, ai ka ga samfurin." Ya ce, "Na gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kai ma gwada ka nake."

Talata, 18 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, aikin hita sai bayan tarawi. Na bi shawarwari biyu. Ɗaya, a yi wa rigar maɓallai da za a buɗe a mayar. Na gwada, mol ɗin katako ba ya fitar da maɓallin da zai kama da kyau, kuma duk abin da ake buɗewa a mayar, wani zai iya zare namu ya sa mataccen ƙwai ko jabu a ciki. Ta biyu ita na ɗauka: rigar ta tsaya a wuya, gindin ƙwan ya leƙo waje. Ana gwadawa ba tare da an buɗe komai ba. Na sa an yi ƴan gurabe biyu a gefe inda yatsu za su matse, don in ana murɗawa ƙwan ya juya tare da rigarsa. Katin kuma na tsawaita shi, ya naɗo ya rufe gindin kamar harshen ambulan, a ɗaga a gwada a mayar.

Ruwa zai iya shiga ta wuya yanzu, na sani. Na haƙura da wannan, leda ɗaya babba a cikin katan ta wadatar.

Maɗacin ya fara tsagewa saboda zafi. Na kai shi wurin masu zubin tukwane suka zuba mini irinsa na alminiyam a cikin yashi. Ya fito da kaushi, kwana huɗu muna bin sa da samfefa.

Wajen buga kati an so a ja ni. Mai maɗaba'ar ya ce kowa 15 yake rubutawa a kan mai wat 9, in na rubuta gaskiya za a ga nawa ƙarami. Na ce ya sa 9, ya sa lumen 800, wato ma'aunin yawan haskensa, ya ƙara da cewa haskensa daidai yake da tsohon mai wat 60. Rubutun da Hausa da Turanci, da Faransanci saboda mutanen Maraɗi da Damagaram. Kawu ya ce a sa sunan kayan da ajami ma, akwai dattawan da shi suka fi ganewa. An sa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Rana ta kai inda ta kai, sama da digiri 40 kusan kullum. Na bar guda goma a cikin rufaffiyar mota daga hantsi zuwa la'asar. Waɗanda ke kan kujera ba abin da ya same su. Biyu da na ajiye a gaban gilashi sun karkace, bakinsu ya buɗe. PET tana fara sakin jiki ne a wajen digiri 70, kuma gaban mota a watan nan yana kai wa can. Na faɗa wa masu ɗauka kada su shanya shi a rana kan teburin kwano.

Sabon samfurin yana tafiya. Hamsin sun ƙare cikin kwana tara.

Litinin, 5 ga Mayu

Abin dariya. Ƙarfe biyun dare mai gadin layi ya kira Kawu a waya, muryarsa na rawa, wai akwai haske yana fitowa ta ƙasan ƙofar sito, kuma shi bai ji motsin kowa ba. Da asuba muka buɗe. Katan ɗaya ne ke haskawa ta kafofinsa.

Masu caji ne, irin waɗanda ke da batir a ciki, da suke kamawa in an ɗauke wuta. Duk wanda ya san su ya san ko da damshin yatsa ka haɗa ƙarafunan gindin sai su kawo haske. Mu kuma mun fara gwada musu rigar, yara suka riƙa danne harshen katin da fil ɗin ɗinke takarda. Fil ya zauna daidai kan ƙarafunan biyu. Uku suka kwana a kunne har batirin ɗaya ya ƙare. An daina sa fil daga yau, tsaga za a yi wa katin harshen ya shige. Masu caji kuma za su tafi da hularsu ta roba mai ƙugiya a gindi.

Mai gadin har yanzu bai yarda fil ne ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An dawo daga Babbar Salla, Alhajin Maraɗi ya zo sari. Na nuna masa da alfahari, tunda saboda shi aka fara. Ya juya shi, ya yaba, ya tambayi nawa katan yake ci. Na ce sittin, in an jera su kai da ƙafa. Ya ce na kwali ɗari. Ya ce shi da katan ake yi masa kuɗin mota, da katan ake yi masa lissafi a hanya, masu saye a hannunsa kuma ƴan ƙauye ne da ke kasa kaya a kasuwar mako, ba su da inda za su rataye komai. Ya ɗauki katan goma sha biyu na kwali, ya ce in dai sa masa leda a ciki. Na roba ya karɓi guda ashirin, wai zai kai wa wani mai kanti a cikin gari.

Wato maganin matsalar da ta tayar da ni leda ce ta ƴan nairori. Na faɗa wa Kawu haka da bakina kafin ya riga ni.

Mun yi lissafin wata shida da daddare. Rigar tana ƙara wa ƙaramin ƙwai kusan kashi ɗaya cikin takwas na kuɗinsa, wanda a sari ba mai ɗauka. A kan manya da masu caji ƙarin ba ya ko jin jiki, kuma su ne masu kantuna da masu kemis na unguwa suke nema, saboda suna rataye su fes ba ƙura. Kawu ya yanke: ƙanana su zauna a kwalinsu, roba ta manya ce da masu caji. Kuɗin injin bai dawo ba tukuna. Ya ce in ci gaba.

Laraba, 2 ga Yuli

Jiya Legas ta fara aiwatar da dokar hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, bayan ta hana farar robar zuba abinci tun Janairun 2024. Irin tamu ba ta cikin jerin, mu ma ba a Legas muke ba, amma na lura.

Yanke-yanken gefe sun cika buhu bakwai. Masu sayen gorar ruwa sun ce za su karɓa in babu kati ko gam a jiki, sai dai a ƙasa da farashin gora. Na ware musu, za su zo da kura ranar Asabar.

Mol ɗin manya bai gama gyaruwa ba, wuyan yana tara ninki a gefen hagu, ina zargin wayar hita ɗaya ce ta yi sanyi. Mai walda zai duba gobe. Na kuma karɓo takardun MANCAP, na neman shaidar ingancin kayan da aka yi a gida, daga ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, tunda sunanmu yanzu yana jikin kati, zan cike su bayan la'asar.